Yadda na bar gyaran waya na koma haɗa allon magana

Shekara tara na yi ina gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma ba don ciwon baffana ba da har yau ina can ina canja gilashi da bakin caji. Hawan jini ne ya kayar da shi har sau biyu. Na farkon ya tashi yana jan ƙafa, na biyun ne ya tafi da harshen da ƙarfin hannuwan gaba ɗaya. Hankalinsa kuwa garau. Mutumin da ya shekara talatin yana cinikin atamfa a Kantin Kwari ya koma sai an yi ta canki-canka a kansa: Baffa, ruwa za a kawo? Fitsari ne? A juya ka? In an gaji a ce Allah ya sawwaƙe, a fita.

Wani dare na yanki kwalin taliya na jera haruffan boko layi-layi, na ce masa in na nuna layin da harafinsa yake ya motsa babban yatsa. Ya kalli kwalin ya kau da kai. Sai matarsa ta ce, “Kai ɗan nan, yaushe ka ga Malam ya rubuta lissafinsa da boko?” Na je na bugo ajami a kwamfuta, nan ma aka samu tangarɗa. Fa ɗin kwamfuta ɗigonta ɗaya a sama, alhali a rubutun makarantar allo mai ɗigo ɗaya a sama ƙaf ce, fa kuwa ɗigonta a ƙasa yake. Sai da wani alaramma a unguwarmu ya rubuta mana da alƙalami da tawada sannan aiki ya yiwu. Abin da Baffa ya fara haɗawa, cikin kusan rabin awa, sunan wani ɗan kasuwa ne da adadin kuɗin da yake bin sa. Har gobe alaramman nan ne yake rubuta mana allunan dattawa, muna biyan sa.

Yanzu mu huɗu ne a shago mai ɗaki biyu: ni, da yara biyu masu haɗa waya da dalma, da ƙanwata wadda take shiga cikin gida wajen mata. Masu zuwa mana galibi iri uku ne. Akwai dattawan da shanyewar jiki ta kama. Akwai samarin da suka karye a wuya a hatsarin mota ko babur, waɗanda bakinsu lafiya lau amma hannu ba ya ɗaga waya. Sai yaran da gaɓoɓinsu suka sandare tun suna jarirai saboda doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko sanƙarau. Waɗannan yaran mutane kan kira ciwonsu shan inna, amma ba shi ba ne. Wanda shan inna ya taɓa ƙafarsa magana yake rangaɗawa ba ruwansa da mu.

Ziyarar farko ba na zuwa da komai na sayarwa. Tabarma nake nema in zauna, in yi ta kallo. Abin da nake nema motsi guda ɗaya ne wanda mutum yake iya yi da gangan, a lokacin da ya so, ya kuma maimaita shi sau ashirin ba tare da ya galabaita ba. Wani babban yatsan ƙafa ne, wani gwiwa, wani karkata kai zuwa hagu, wani ɗaga gira kawai. Iyaye kan nace a kan hannu, don da hannu aka saba, alhali a yaro mai sandarewar gaɓoɓi hannun ne sau da yawa ya fi bijire masa: da zarar ya ƙudurta zai miƙa shi sai jikin duka ya ɗaure. Na taɓa ɓata wata biyu ina tilasta wa wata yarinya ’yar shekara takwas makunnin hannu, wato maɓallin da ake dannawa a sarrafa waya, tana kuka ina cewa a ƙara haƙuri, sai kakarta ta ce, “Malam, ba ka ga da diddige take korar kaji ba?” Muka sauke makunnin ƙasa. Cikin mako guda ta iya.

Makunnin da kansa ba wani abin mamaki ba ne. Murfin robar abinci, ƙaramin maɓalli irin na cikin linzamin kwamfuta, soso, da igiyar abin sauraren kunne da ta mutu. Mukan farke tsohon allon buga rubutu na kwamfuta mu ciro ɗan faifan cikinsa, mu jona makunnin a layin maɓalli guda, mu haɗa da wayar Android. A cikin wayar akwai tsarin Switch Access da yawancin masu waya ba su san da shi ba: haske ne yake bin abubuwan da ke kan gilashi ɗaya bayan ɗaya, in ya iso kan wanda kake so ka danna. Saita saurin hasken nan shi ne rabin aikin. In ya yi sauri mutum ya yi ta kuskure har ya yi fushi, in ya yi nawa barci ya kwashe shi kafin ya ce a ba shi ruwa. Kuma saurin safe ba shi ne na la’asar ba, saboda gajiya.

Inda muka fi shan wahala shi ne kalmomi da murya. Manhajojin magana da ake samu kyauta an shirya su ne don yaran Turai, hotunan ciki su tuffa ne da dusar ƙanƙara da kare a kan kujera. Tarin hotunan ARASAAC na ƙasar Sifen yana taimaka mana don ba a biya, amma babu buta a yadda muka san ta, babu tuwo, babu kunu. Dole mu ɗauki hoton kayan gidan da kansu, kofin da yaro ya sani, da fuskar yayarsa. Shafin farko a wajenmu gaisuwa ce, don dattijon da aka ce wa ina kwana ya kasa amsawa ya fi jin ciwon wannan a kan yunwa. Sai alwala ko taimama, a juya ni alƙibla, ƙuda, sauro, ƙaiƙayi a baya, a kunna rediyo, a fita da ni waje. Ina kuma dagewa a sa “a’a”, da “ka dame ni”, da “ba haka na ce ba”. Wasu iyalan kan ce a cire, wai rashin kunya ne. Ba na cirewa.

Muryar na’ura mai karanta Turanci in ta karanta Hausa abin dariya ne, ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, ba ta san karin sauti ba, fari na launi da fari na rashin ruwan sama duk ɗaya ne a wajenta. Don haka murya muke ara. Namiji ƙaninsa ko ɗansa, yarinya kuma sa’arta a dangi, don ba daidai ba ne ’yar shekara takwas ta yi magana da muryar uwarta. Mukan rufe ɗaki bayan isha’i, lokacin da injinan maƙwabta suka lafa, mu naɗi jimla ɗari da wani abu.

Kusan duk ɗan bokon da ya shigo sai ya ambaci Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Ingila da ya rasa muryarsa a 1985 bayan tiyatar maƙogwaro, ya yi ta magana da na’ura, da farko da makunni a hannu, daga baya da motsin kunci, har ya rasu a 2018. Sai su ce irin tasa suke so, ko kuma mai bin ƙwayar ido irin ta kamfanin Tobii na Suwidin. Na’urorin ido suna aiki, kuma ga wanda ido kaɗai ya rage masa babu kamarsu. Sai dai kuɗinsu dubban daloli ne, hasken rana yana rikita su, ga ƙurar hunturu, ga rashin wuta, in kuma ta lalace ba mai gyara ta a kusa. Ni nakan ba su labarin Jean-Dominique Bauby, editan mujallar Elle a Faransa, wanda jikinsa ya shanye duka a Disambar 1995. Da ƙifta idon hagu ya shibta littafi guda, ana karanto masa haruffa yana tsayar da mai karatun, aka buga shi a 1997. Dabarar da na ɗauka daga labarinsa ita ce jera haruffa bisa yawan amfaninsu. A allon bokonmu a ce kan gaba, sannan su n da i da k. Kowace waya muka haɗa, sai mun haɗa ta da allon takarda mai leda, saboda ranar da caji ya ƙare.

Akwai waɗanda nake mayarwa. In ciwon ya taɓa wurin harshe a ƙwaƙwalwa, mutum ya rasa kalmomin da kansu ba furucin kawai ba, allon haruffa ba zai yi masa komai ba. Wannan aikin masu koyar da magana ne na asibiti, su kuma ’yan kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan. Gara in faɗa wa iyali gaskiya da in karɓi kuɗinsu.

Maganar riba kuwa, gyaran wayar da muke taɓawa a gefe ne har yanzu yake biyan hayar shago. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta sa an fara maganar hanyar keken guragu a gine-gine, amma kuɗin makunni da waya daga aljihun dangi yake fitowa, bayan sun gama kashe abin hannunsu a magani. Da yawa biya suke kaɗan-kaɗan. Wasu in mai jinya ya rasu sukan dawo da kayan su ce a ba wani sadaka, mu goge muryar da ke ciki mu sake naɗa.

Abin da ban samo wa magani ba shi ne mai riƙe allo. Na zauna a wani gida inda dattijo yake haɗa magana a kan gona, babban ɗansa yana nuna haruffa, da an kai harafi na uku sai ya ƙarasa kalmar yadda ta yi masa daɗi. Tsohon yana ta ƙifta ido yana ƙi, ba mai kula. Tun daga ranar nake sa sharaɗi: in maganar dukiya ce ko wasiyya, mutum biyu ne za su karɓa, kowa daban, ɗaya ba magaji ba, kuma a maimaita wa mai maganar abin da aka rubuta ya amsa da i ko a’a. Gidaje biyu sun sallame ni saboda wannan sharaɗin, ɗayan har yau bai biya ni kuɗin makunni ba.