Yadda na samo wa kyamarar Baba sabon ido

Kyamarar mahaifina Mamiya RB67 ce, samfurin da aka fara ƙerawa a Japan a 1970. Da ita ya ciyar da mu shekara da shekaru a Jos, yana ɗaukar amare da 'yan makaranta da maniyyata. Bayan rasuwarsa ta shiga akwati a ɗakin Hajiya, damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Ran da na buɗe akwatin, jikin kyamarar garau, zugazuginta ko huda babu. Amma da na haska tocila cikin gilashin gabanta, wato idonta, sai ga fumfuna ta yi saƙa kamar gizo-gizo. Mai gyara ya goge abin da ya gogu, ya ce sauran ya riga ya ci fuskar gilashin.

Nan na yi gaggawa, kuma ta ja mini asara. Na ga wani gilashi a intanet, an rubuta Mamiya, an rubuta 67, sai kawai na biya. Da ya iso na ga wasu 'yan ƙarafa kalar zinariya a gindinsa, waɗanda na Baba ba shi da su. Ashe na RZ67 ne, ƙanwarta da ta fito a 1982, mai aiki da batir. Ita RB babu batir a cikinta ko ɗaya, komai nata da hannu ake ɗanawa. Gilashin RB yana hawa kan RZ, amma na RZ ba ya yi wa RB aiki. Harafi ɗaya tak ya raba ni da kuɗina.

Wani dattijo, tsohon mai situdiyo a wajen Taminus, shi ya fitar da ni. Da na ambaci sunan mahaifina ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin tebur, ya warware tsumma. Gilashin RB ne, samfurin Sekor C mai 90mm.

"Yarona, kar ka tsaya kallon ƙyalli," in ji shi. "Kasa kunne."

A irin wannan kyamarar, ƙofar da ke buɗe wa haske, wadda masu hoto ke kira shata, cikin gilashin take, ba a jikin kyamara ba. Wato duk wanda ya sayi gilashi ya sayi rabin injin. Dattijon ya ɗana shatar, ya sa a daƙiƙa ɗaya, ya saki. Muka ji 'yar ƙara siririya tana tafiya ba tangarɗa har ta rufe. Ya ce in ta ja ƙafa ko ta tsaya a hanya, tsohon mai ne ya daskare, kuma sanyin Jos na ƙara tona asirinta. Muka bi sauran matakan ɗaya bayan ɗaya har zuwa 1/400 na daƙiƙa, iyakar saurinta ke nan. Ya nuna mini ganyayen ƙarfen ciki masu buɗewa da rufewa, a bushe suke, babu maiƙo. 'Yar ƙura da na gani ya ce ba ta fitowa a hoto; hazo da fumfuna su ne abin gudu.

"Baba, in gwada ɗaurawa?"

Ya riƙe hannuna. Sai an ɗana jiki, an ɗana gilashi, sannan suke haɗuwa. Mai tilasta musu shi ke karya su.

Fim mai lamba 120 hoto goma kacal yake bayarwa a wannan kyamara, kowane nagetif santimita 6 da 7, ya kusa cika tafin hannu. Na farko Hajiya na ɗauka a bakin zaure, da safe, cikin hasken hunturu. Da aka wanke, har zaren mayafinta ana iya ƙirgawa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a rataye shi kusa da wanda Baba ya ɗauke ta suna amarci.

Yanzu kyamarar ba ta kwana a akwati. Tana kan kanta inda iska ke shiga, idan damina ta kama kuma in sa ta a roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima.