Daga Garwa zuwa gonar Baffa a lokacin dashen masakwa

Mun bar Garwa, a arewacin Kamaru, bayan sallar asuba, cikin watan Oktoba, ruwa ya ɗauke bai fi kwana goma ba. Sadakar arba'in ɗin Baffa, ƙanin mahaifina, za ni. Tsakanin Garwa da Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai. Muka wuce Pitowa, muka wuce Figil inda ƙurar siminti ta yi wa bishiyoyin bakin hanya fari fat. Daga Muturwa ƙasa ta baje, hayaƙin ciyawa na tashi ta ko'ina, mutane a jere cikin baƙar ƙasa suna dashe.

A Marwa na hau babur muka bi hanyar Mindif, dutsen nan mai kamar haƙori yana gabanmu har muka ratse ƙauyen su Baffa. Da hantsi aka yi addu'a, aka raba sadaka, kafin azahar maza sun watse gona. Ba wanda ya ga laifinsu, don dashe ba ya jiran kowa. Babban ɗan marigayin ya ce mini, "Yaya, taso ka ga inda ya bari."

Gonar irin ƙasar nan ce da Fulani ke kira karal, baƙin yumɓu mai shan ruwa da damina, ya tsattsage da rani. Masakwa, wato dawar rani da ake dasawa, ba ta ganin ruwan sama, damshin da yumɓun ya ɓoye take sha har ta nuna. Shi ya sa Baffa yake fara aikinta tun da bazara: ya yanka gonar fala-fala da ƙananan kunyoyi don ruwa ya tsaya ya nutse, kada ya gudu. Iri kuwa a jigawa yake zuba shi daga watan Agusta, kuma ba sau ɗaya ba, sau uku, da tazarar kwana bakwai zuwa goma, tunda ba mai sanin ranar da ruwa zai janye. Dashe yana son iri mai kwana 30 zuwa 40. Wanda bai kai ba rana ta kwantar da shi, wanda ya wuce ya yi gaɓa, kamunsa da wuya.

Na tsaya na ga yadda yaran ke bin tsarinsa. An sare ciyawa, ta bushe, an ƙone. Da yamma a tuge irin, a datse kan ganyen da bakin saiwar, a tsayar da ɗaurin cikin ruwa ya kwana. Da safe mutum ɗaya ya riƙa caka sanda mai bakin ƙarfe, zurfin rami kamar santimita 20 zuwa 25, tazara taku guda. Na biye da shi ya zuba ruwa kamar ludayi ɗaya, na uku ya sa iri biyu. A wannan tazara hekta ɗaya rami dubu goma ke nan, kowanne da ƙarfin kafaɗa. In aka yi gaggawa, ruwan ƙarshe ya cika ramukan, irin ya ruɓe. In aka yi jinkiri, saman ƙasa ya ƙeƙashe, sanda ba ta kai damshi. Tsakanin biyun nan ne ake gane manomi, kuma maƙwabta sun ce Baffa da diddige yake gwadawa: in ya taka ƙasa ta lotsa ba ta manne ba, gobe dashe. Safrari, masakwa mai ƙwaya ruwan ɗorawa, yake sawa a tsakiya, girbi sai Janairu ko Fabrairu, in jan-baki da shanu sun bari.

Baffa maƙeri ne kuma. Da la'asar muka koma maƙerarsa, ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida. Uwar maƙera na nan, ga zugazugi, masaba, awartaki, da ragowar gawayin ƙirya a buhu. Gawayin ƙirya kaɗai yake yarda da shi, don yana riƙe wuta, ba ya zama toka da wuri, ga shi yanzu samunsa sai an yi nisa. Bakin sandar dashen nan da sifirin mota yake ƙera shi. Ya kan miƙar da tsinin sumul ba kafaɗa, domin in ƙarfen ya yi kafaɗa yumɓu ya riƙe shi, mai caka ya gaji kafin hantsi. Zafi kuwa sai ƙarfen ya yi ja kamar tattasai. Da ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone. Tsinin kaɗai yake tsomawa, a baƙin mai ba a ruwa ba, saboda ruwa kan tsaga sifirin. Wajen sa wa fartanya ƙota ma haka: a gasa wutsiyar ƙarfen ta huda itacen da kanta, amma in zafin ya yi yawa ramin ya buɗe, fartanya ta riƙa girgiɗi.

Abin da ya fi burge ni, wai kafin ya ɗaga masaba sai ya tambayi mai saye ina gonarsa. Na jigawa ya yi masa mai faɗi marar nauyi, na karal ya yi masa mai kauri da ƙaramin baki. Maƙerin da bai taɓa caka rami dubu ba, ina zai san wannan? Da yawa kuma sai an yi girbi suke biyansa da hatsi. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna makoma.

Gefen uwar maƙera na ga bakin sanda uku a tsage. Ɗan ya ce nasa ne, bai gama kama hannun tsomawa ba tukuna. Washegari da sassafe da na fito neman babur zuwa Marwa, sun riga sun tafi gona. Kashi ɗaya cikin uku ya rage ba a dasa ba, irin ƙarshe kuma, wanda suka zuba washegarin sadakar bakwai, ya kai kwana 33.