Littafin Tsare Mutane: Abin da Muka Koya a Sudan ta Kudu

Ƙannenmu masu shirin tafiya aikin Majalisar Ɗinkin Duniya kan same ni a gida nan Gombe su ce, "Yallaɓai, me za mu tarar?" Ga amsar a rubuce, daga aikin ba 'yan sanda shawara da muka yi bayan Sudan ta Kudu ta samu 'yanci ranar 9 ga Yuli, 2011.

Da yawan 'yan sandan tsofaffin mayaƙan SPLA ne, wato rundunar 'yan tawayen Kudu da ta yaƙi gwamnatin Sudan, da aka sauya wa kaki. Sun iya bindiga, amma karatu sai ɗaiɗaiku. Masu karatun ma galibi da Larabci suka yi, alhali kundin laifuffuka na 2008 da dokar 'yan sanda ta 2009 da Turanci aka rubuta su. Ba tafinta, ba aiki.

Masu tallafi sun fi son abin da zai fito a hoto: mota, kwamfuta, bitar kwana biyar a Juba. To amma mota ba ta zuwa da kuɗin mai. A Janairun 2012 gwamnati ta dakatar da haƙar mai saboda rigima da Sudan kan kuɗin bututu, man kuwa shi ne kusan kashi 98 cikin 100 na kuɗin shigarta. Nan da nan ka ga sabuwar mota an ɗora ta kan duwatsu don rashin taya, firinta kuma ba tawada, ba wuta.

Abin da ya yi mana aiki shi ne littafin rubuta waɗanda aka tsare, mai bango mai kauri, da rula, da biro. A sa wa shafukan lamba tun farko don kada a yage wani. A ja gida takwas: lamba, suna da sunan uba, rana da lokacin kamu, wanda ya kama, laifi da sashen doka, kayan da aka karɓa a jikinsa, ranar kai shi kotu, sai sa hannun mai fitar da shi. Gidan lokaci shi aka fi tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan littafin, domin tsarin mulkin 2011 ya ce kada tsarewa ta wuce awa 24 ba a ba da beli ko an kai kotu ba.

Kullum ƙarfe 8 na safe ka tsaya ƙofar sel tare da sajan mai aiki, a kira suna, a ƙirga kai. Idan kai ya fi suna yawa, ka samu aikin ranar. Mukan kasa waɗanda aka tsare kashi uku. Mai babban laifi a haɗa fayil ɗinsa zuwa ga mai gabatar da ƙara. Rigimar shanun sadaki da bashi a tura kotun sarakuna, wadda dokar ƙananan hukumomi ta 2009 ta amince da ita, kusan yadda dagaci ke kashe magana a wajenmu. Kashi na uku su ne waɗanda aka kama a madadin ɗan'uwansu da ya gudu. Waɗannan saki ne kawai, amma ka keɓe da shugaban ofis ku yi magana. In ka gyara masa a gaban yaransa, gobe ba za ka ga littafin ba.

Ka riƙa yawo da kwafi 20 na Fom 8, takardar da likita ke cikewa a ƙarar duka ko fyaɗe. In ta ƙare a ofis, sau da yawa ƙarar ta mutu ke nan.

Inda igiyar ta fi tsinkewa kotu ce. In ka horar da 'yan sanda su kaɗai, kamu ya ƙaru, gidan yari ya cika da masu jiran shari'a, ga alƙalai kaɗan, ga damina ta yanke hanyoyi wata da watanni. Kotun tafi-da-gidanka na taimakawa, muddin fayiloli sun kammala kafin alƙali ya sauka. In ba haka ba, ɗage zama zai yi ya koma.

Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 15 ga Disamba, 2013, kuma a Mayun 2014 Kwamitin Sulhu ya mayar da aikin UNMISS, tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar, kan kare fararen hula, horaswa ta koma gefe.

Kafin ka tafi, je ka caji ofis ɗinku da sassafe ka gwada wannan ƙirga sau uku. Dokarmu ta shari'ar laifuka ta 2015 ma ta ce majistare ya riƙa duba wuraren tsare mutane kowane wata, kuma littafin tsarewa na cikin abin da zai ce a kawo masa.