Yadda aka laƙaba min suna "Sai Disamba"

Shagona yana kan Bauchi Road a Jos, ɗan ƙaramin wuri mai kwamfuta biyu da benci ɗaya. Sana'ata tura fina-finai a waya da memori, sai cajin waya idan an ɗauke wuta. Shekara tara ina wannan aiki, kuma abu ɗaya aka san ni da shi a unguwa: idan na ce fim ya yi kyau, ba a ja da ni, waya kawai ake miƙo min. Wannan amanar ce na kusa zubarwa a kan fim ɗin da ko ganinsa ban yi ba.

A watan Yuni ne, damina ta kankama, wani ɗalibin makarantar koyon fim ta nan Jos da ke kawo caji wurina ya turo min somin-taɓin wani sabon fim. Daƙiƙa 58 kacal. Babu waƙa, babu rawa, babu wani fitaccen jarumi da zan iya kiran sunansa. Wani mutum ne durƙushe a bakin kududdufin kuza da asuba, hazo ya lulluɓe ko'ina, yana wanke hannu yana sake wankewa, ga fitilar ƙwai a gefensa. Can nesa ana kiran salla. Sai muryar wata mace ta ce, "Ruwan nan ba ya riƙe amana." Allo ya yi baƙi, aka rubuta kalma ɗaya: Disamba.

Duk wanda ya tashi a Filato ya san waɗannan kududdufai. Ramuka ne da kamfanonin Turawa suka bari tun zamanin haƙar kuza, daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, ruwan sama ya cika su. Ruwansu shiru, kore-kore, ba ka ganin ƙasansa. Muna yara an sha zane mu a kan zuwa wurin, kuma kowace unguwa tana da labarin yaron da ya tafi wanka bai dawo ba. Shekara da shekaru 'yan fim suna zuwa Jos saboda duwatsu da sanyi, a jera 'yan rawa a gindin dutse a ɗauki waƙa a koma, amma ban taɓa ganin wanda ya kalli ruwan nan ya ga abin da mu muke gani a cikinsa ba. Wannan daraktan ya gani. A daren na kalli somin-taɓin ya fi sau ashirin.

Washegari na fara tura shi kyauta ga duk wanda ya kawo waya. Kafin mako biyu na buɗe guruf a WhatsApp, mutum sama da ɗari biyu suka shiga. Abin ya koma kamar musun ƙwallo. A teburin mai shayi wani mai keke ya rantse mutumin ɗan'uwansa ya kashe, hujjarsa wai da hannun hagu ya fara wankewa. Wani tela ya tsayar da hoton ya faɗaɗa shi, ya gano takalmin mace a cikin ciyawa. Har yau ban tabbata takalmi ba ne, amma kwana uku muka yi a kansa. Ni kuma duk wanda ya tambaye ni yaushe zai fito, amsa ɗaya nake ba shi, ina buga ƙirji: sai Disamba. Har na karɓi kuɗin wasu tun kafin lokaci, na rubuta sunayensu a bayan littafin bashi.

A Nuwamba ɗalibin nan ya ce min za a haska fim ɗin a wani bikin baje kolin fina-finai a Abuja. Abuja tana da irin waɗannan bukukuwa. Akwai na Zuma, wanda Hukumar Fina-finai ta Najeriya ke shiryawa, hukumar da aka kafa a 1979, hedikwatarta tana nan Jos, kuma ita ce aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024. Akwai bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa na Abuja da aka faro a 2004, da wasu ƙanana. Ba zan faɗi wanda na je ba, tunda abin da ya faru ni na jawo shi da hannuna. A tunanina na lokacin, haska fim a biki da fitowarsa kasuwa duk ɗaya ne: a nuna yau, jibi ya shigo kwamfutata.

Na bar wa ƙanina shago, na hau mota da sassafe cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Muka gangara Hawan Kibo, muka bi ta Akwanga da Keffi, cunkoson Mararaba ya cinye mana abin da ya rage na yini. Gidan kawuna na sauka. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni.

"Kai yanzu tun daga Jos ka taso don kallon fim? Kai da kake sayar da shi?"

Na ce, "Kawu, wannan daban ne."

Ya ce Allah ya kyauta.

Zauren bai kai girman yadda na zata ba, kujerun za su kai ɗari da hamsin, kuma ya cika. Kafin a kashe fitila wata budurwa ta roƙi kowa da kada ya ɗauki ko daƙiƙa ɗaya da waya. Gaskiya ɗaya ce, hannuna na cikin aljihu a kan wayar. Mutum ɗari biyu na jirana a gida, ga ni a layi na huɗu, ga allo tas. Abin da ya hana ni ba tsoron kamu ba ne. Daraktan na hango a tsaye jikin bango, yaro ne ƙarami, bai fi sa'an ƙanina ba, yana ta murza hularsa a hannu. Sai na ji kunya ta kama ni.

To, fim ɗin.

Wata shida na yi ina haɗa nawa fim ɗin a kai, mai gudu da bindiga da 'yan sanda. Wanda aka haska ba shi ba ne. Minti arba'in na farko tafiyar hawainiya yake yi: wani maigadi yana neman ƙaninsa da ya ɓace, yana bin gida gida, kowa yana ba shi ruwa yana yi masa ƙarya. Sau biyu na duba agogo. A wurare da dama sautin bai zauna ba, iska tana cinye magana, wani wurin kuma duhun ya yi yawa har ba ka gane wanda ke magana. Amma daga inda maigadin ya gane cewa duk unguwar ta san abin da ya faru, shi kaɗai ne bai sani ba, zauren ya yi tsit. Minti ashirin na ƙarshe ban san ina riƙe da hannun kujera ba sai da yatsuna suka yi tsami. Babu jini a allo, ko mari ba a yi ba. Tsoron duk a gaisuwa yake, a yadda maƙwabci zai ce maka sannu da zuwa.

Da aka kunna fitila jama'a suka miƙe da tafi. Na saba karanta labarin bukukuwan Cannes da Venice inda 'yan jarida ke ƙirga mintunan tafi, don haka ni ma na duba agogo: minti huɗu. Ina cikin rubutawa a waya, wani dattijo da ke kusa da ni, mai furfura da tabarau, wanda tun ɗazu tafi biyu kawai ya yi ya zauna, ya taɓa ni.

"Ɗana, kafin ka rubuta, juya ka ga masu tafin."

Na juya. Layukan baya duk 'yan aikin fim ɗin ne da riguna iri ɗaya. Ga 'yan ajinsu, ga wata Hajiya tana share hawaye wadda daga gani mahaifiyar wani ce a cikinsu. Dattijon ya ce ya daɗe yana zuwa irin wannan taro, kuma bai taɓa ganin an haska fim a gaban masu shi an ƙi tafa musu ba. Tafin gaskiya ne, in ji shi, amma na barka da sauke nauyi ne. Na ce, "Baba, to fim ɗin bai yi ba ke nan?" Ya ce ya yi, sai dai a yanke masa minti goma sha biyar a gyara sauti, sannan a kai shi gaban mutanen da suka biya kuɗinsu kuma ba su san kowa a ciki ba.

A zaman tambayoyi wani ya riga ni tambayar da ta kawo ni. Daraktan ya ce ba su da ranar fitowa. Wannan kwafin na biki ne, ba a gama gyara shi ba. Suna neman wanda zai saya ko ya raba shi a sinima, kuma suna son gwada wasu bukukuwan na waje, waɗanda da yawansu ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya bazu a intanet. Kafin ya shiga sinima kuma sai hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta duba shi ta sa masa shekarun masu kallo. Disambar da aka rubuta a somin-taɓi, ashe ta wannan daren ce.

Daga baya na zauna na bi diddigin yadda abin yake tafiya, sai na ga inda na ruɗe. Ni fim ɗin Joker nake tunawa, wanda aka haska a Venice a ƙarshen Agustan 2019, ya ci kambun Zakin Zinare, ya shiga sinima a farkon Oktoba. Amma wannan fim ne na babban kamfanin Warner Bros, da ranar fitowarsa a hannu ya je bikin, bikin talla ne kawai a wurinsa. Ƙaramin fim kuwa kasuwa yake zuwa nema. Mami Wata na C.J. Obasi ya ci kyauta a bikin Sundance na Amurka a Janairun 2023, bai shiga sinimomin Najeriya ba sai Satumba. Kuma wannan fim ne da duniya ta ji sunansa. Ga shi masu sayen sun ragu: a Janairun 2024 manhajar kallon fina-finai ta Prime Video ta janye daga zuba kuɗi a sababbin fina-finan Afirka. Gidajen sinima a Arewa ba su taka kara sun karya ba. YouTube kuma, inda Kannywood ta koma da shirye-shirye masu dogon zango, ya fi dacewa da labarin da za a ja shi mako-mako, ba fim ɗin awa biyu da dukan jarinsa sirri ɗaya ne ba.

Sirrin nan shi ne babban laifina. A daren, ina kwance a falon kawu, zumuɗi ya hana ni barci. Na rubuta a guruf cewa an yi tafin minti huɗu, ban faɗi su wa suka tafa ba. Na ce ba a taɓa yin irinsa da Hausa ba, ban ambaci minti arba'in ɗin da na yi ina duba agogo ba. Sannan, don a san lallai na gani da idona, na ƙara layi ɗaya, na ce su sa ido a kan wata mata da ke fitowa sau uku kawai a farkon fim. Ban faɗi abin da ta yi ba. A ganina ban tona komai ba.

Muna daf da Akwanga washegari waya ta shigo. Ɗalibin nan ne, muryarsa a sanyaye. Ya ce, "Yaya, me ka yi haka?" Wani ya ɗauki hoton rubutuna ya sa a Facebook, wani ya haɗa shi da muryar macen da ke cikin somin-taɓi, kafin azahar mutanen da ba su taɓa ganin fim ɗin ba sun warware ƙarshensa. Fim irin wannan ba kamar na soyayya ba ne da kowa ya san za a yi aure amma a zauna a kalla. Shekara biyu suka yi suna ɓoye matar nan a idon mai kallo, ni na nuna ta da yatsa a layi ɗaya. Na goge, amma magana zarar bunu ce. Na nemi lambar daraktan na ba shi haƙuri. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Ba komai, Malam, na san so ne." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na dawo Jos na buɗe littafin bashi na mayar wa mutum goma sha bakwai kuɗinsu. Tun daga ranar, daga mai shayi har yaran makarantar allo na layinmu, ba mai kirana da sunan yanka. Sai Disamba, ina kwana. Sai Disamba, akwai caji? Har matata ta ɗauka.

Ban rufe guruf ɗin ba, amma na canza yadda nake magana a ciki. Idan labari ya zo cewa wani fim ya tada ƙura a biki, nakan fara duba wanda ya faɗa, ko yana cikin masu fim ɗin, ko an riga an saye shi, ko akwai rana da wurin da za a nuna shi. In babu, sai in ce an haska shi, in tsaya a nan. Na kuma koma na rubuta musu ra'ayina na gaskiya a kan wanda na gani: farkonsa da nauyi, sautinsa da gyara, ƙarshensa kuwa har yanzu idan na bi ta gefen kududdufi da yamma sai na tuna shi. Abin mamaki, wannan rubutun ya fi na farko sa mutane son ganinsa.

Wata takwas ke nan. Makon jiya ɗalibin ya zo caji, ya ce an yanke minti goma sha biyu, an sake ɗaukar sautin wasu wurare, kuma an sauya yadda matar nan take fitowa. Ban tambaye shi ko saboda ni ne ba. Mai keken nan yana zaune a benci yana jinmu, ya ce, "To Sai Disamba, yaushe ke nan?"

Na ce masa ban sani ba, ya kawo wayarsa in sa masa wani abin ya rage dare.