Jirgi ba ya son hannu mai ƙarfi

Duk wanda ya zo darasinsa na farko na tuƙin jirgin sama da zumuɗin tashi yake zuwa, sai ya tarar kafin a kunna inji ana ta zagaya jirgin a ƙasa kamar masu cinikin doki. Jirgin da aka fara koya mini a kansa Cessna 172 ne, mai kujera huɗu da inji ɗaya. An fara sayar da irinsa a 1956, kuma an ƙera fiye da 44,000, adadin da babu wani jirgi a tarihi da ya kai shi. Malamina ya miƙo mini takarda mai jerin abubuwan dubawa, ya ce in karanta a fili layi bayan layi, in kuma taɓa kowane abu da hannuna kafin in wuce: taya, birki, sassan fiffike masu motsi, bakin farfela ko ya tsage, baƙin man inji.

Daga nan ya ba ni wani ɗan kofi garai-garai, na tatso mai daga ƙarƙashin fiffike. Man ƙananan jirage shuɗin launi ake sa masa, ruwa kuma ya fi shi nauyi, don haka in ruwa ya shiga tanki za ka gan shi kwance a gindin kofin. Bayan haka na hau na buɗe murfin tankin na leƙa da idona, alhali ga agogon mai can a gaban matuƙi. Na ce, "Malam, ai agogon ya nuna a cike yake." Ya ce, "Agogon ne ya faɗa, kai ka gani?"

Takardar jerin dubawar nan tana da asali. A ranar 30 ga Oktoba 1935, wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing, wanda daga baya ya zama B-17, ya tashi a filin Wright da ke jihar Ohayo ta Amurka, ya ɗaga hanci ya faɗo, mutum 2 suka rasu. Matuƙan ƙwararru ne, amma an manta ba a cire makullin da ke riƙe sassan sarrafa jirgin sa'ad da yake ajiye ba. Bayan wannan hatsarin ne rubutaccen jeri ya zama ƙa'ida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne malamina, wanda ya haddace takardar tuntuni, shi ma da yatsa yake bin ta.

A ƙasa da ƙafa ake juya jirgi. Feda biyu ne a ƙarƙashinka, su ke karkata tayar gaba da wutsiya, birki kuma yana saman kowace feda. Sitiyarin da ke gabanka, ko ka murɗa shi iya ƙarfinka, jirgin ba zai bi kwana ba, shi ya sa ɗaliban da suka iya mota sun fi shan wuya a nan. Kafin a hau titin tashi an tsaya an ƙara wa inji wuta an gwada shi. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, kowane da hanyar wutarsa daban, sai a kashe ɗaya a ji ko ɗayan zai riƙe injin shi kaɗai.

Tashin kansa ya fi duk abin da na zata sauƙi. Ka tura totur har ƙarshe, jirgin ya yi ta ƙoƙarin kaucewa hagu saboda juyin farfela, ka danna fedar dama ka tsare shi a tsakiyar titi. Da gudu ya kai wajen kilomita 100 a awa sai ka ɗan janyo sitiyari, ƙasa ta sake ka.

A sama ne aikin ya fara. Sabon ɗalibi yakan damƙe sitiyari da hannu biyu har jijiyoyi su fito, da iska ta ɗan girgiza jirgin sai ya mayar da martani da ƙarfi, gyaran ya wuce kima, ya sake gyara gyaran, jirgin ya dinga sama da ƙasa. Malam ya ce in saki gaba ɗaya. Na dube shi. Ya ce, "Saki dai." Na saki, jirgin ya ɗan yi lilo ya daidaita kansa ya ci gaba da tafiya sumul. Haka aka ƙera jiragen koyo, in aka bar su sukan koma daidai da kansu. Akwai wani ɗan wili kusa da gwiwa, tirim, wanda ake murzawa har nauyin da kake ji a hannu ya ɓace. In ka saita shi da kyau, yatsu uku sun isa, ɗayan hannun yana kan totur. Hannun da ya ƙanƙame ba ya jin komai, shi kuwa jirgi ta sitiyarin yake gaya maka ko gudunsa ya ragu ko ya ƙaru, tun kafin ka duba agogo.

Agogunan ma tarko ne ga mai koyo. Idonka zai so ya lafe a kan allurar da ke nuna tsayi, ita kuwa tana ɗan makara, kana bin ta kana gyara abin da ya riga ya wuce. Malam ya sa takarda ya rufe su, ya ce in dubi inda sama ta haɗu da ƙasa, in lura da tazarar da ke tsakanin layin nan da hancin jirgi, in riƙe ta haka. Da ya cire takardar, tsayinmu bai canza da wani abin kirki ba. Manyan matuƙa ma ba su tsira daga wannan tarkon ba. A Disamban 1972 wani jirgin fasinja na Eastern Air Lines da ke shirin sauka a Miyami ya faɗa cikin fadamar Everglades, mutum 101 suka mutu, saboda duk waɗanda ke gaba sun duƙufa kan wani ɗan ƙwan fitila da ya ƙone, babu wanda ya lura jirgin yana sulalewa ƙasa a hankali. Shi ya sa ake koyar da abu uku a jere: tuƙa jirgi tukuna, sannan ka san inda kake, magana da hasumiyar da ke ba jirage umarni ta zo a ƙarshe.

Wani abin da na so ƙwarai shi ne yadda ake miƙa tuƙi. Malam zai ce, "Jirgi yana hannunka." In ce, "Yana hannuna." Ya sake cewa, "Yana hannunka." Sau uku, kowane lokaci, ko da na minti ɗaya ne. Da farko abin ya yi mini kama da wasan yara, amma mutum biyu a gaba, kowa da nasa sitiyarin, abu ne mai sauƙi kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne ke riƙe. A ganina wuraren aiki da yawa da ake barin abu ya faɗi tsakanin mutum biyu suna da buƙatar wannan ɗabi'a.

Sauka kuwa malam ne ya yi ta, ni dai na ɗora hannu a hankali ina jin abin da yake yi. Ita ce ke cin lokacin ɗalibi sosai a cikin awa 40 da dokar Amurka ta sa a matsayin mafi ƙaranci kafin lasisin matuƙi mai zaman kansa, ko 45 a Turai, kuma yawancin mutane sukan wuce haka. Tun muna gangarowa ya gaya mini cewa in gudu ya yi yawa, ko jirgin ya kauce daga tsakiyar titi, ba a tilasta masa ya sauka. Totur ake turawa har ƙarshe a koma sama a zagayo, kuma ya ce za mu yi ta gwada wannan ɗin kafin ya bar ni in taɓa titi da kaina.