Tsohuwar motar soja a taɓon Legas: aikin aksil da sitiyari kafin manyan tayoyi

Mafi yawan masu sayen tsohuwar motar soja a gwanjo nan Legas ba don ƙawa suke saye ba. Wani yashi zai riƙa kwasowa daga bakin ruwa a Epe ko Badagry, wani injin haƙar burtsatse zai ɗora mata, wani kuwa siminti da rodi zai riƙa shigarwa sabbin filayen Ibeju-Lekki inda kwalta ba ta kai ba tukuna. Kuma kusan dukkansu da zarar mota ta shiga gareji maganar manyan tayoyi suke fara yi. A ganina taya ce ya kamata ta zo ƙarshe. Ƙasar Ikko ba ƙasar duwatsu ba ce, yashi ne da taɓo da ruwan gishiri, kuma abin da ke kwantar da mota a nan ruwan da ya shiga cikin aksil ne, da sitiyarin da aka ɗora wa nauyin da ba nasa ba.

Motocin da aka fi cin karo da su su ne Mercedes mai gajeren hanci, wato dangin 911 da 1113 da aka daɗe ana yin molue da su, sai dai ta soja mai jan gaba da baya ce, za ka ga LA a gaban lambarta, da injin OM 352 mai silinda 6. Akwai Steyr, kamfanin da ya taɓa haɗa motoci a Bauchi, akwai MAN, akwai Bedford ta Ingila, jefi-jefi kuma M35 ta Amurka mai aksil uku. Kowace da halinta, amma ƙa'idar aikin ɗaya ce.

Kafin a je kasuwar kayan mota ta Ladipo ko ta Owode Onirin neman aksil, a fara sanin lissafin giyar wanda ke jikin motar, wato sau nawa farfela (sandan da ke kai juyin inji zuwa aksil) ke juyawa kafin tayoyi su juya sau ɗaya. Hanyar ba ta da wuya. A ɗaga taya ɗaya da jak, ɗayar tana ƙasa, a sa giya a firi, a yi alama da alli a jikin taya da kuma inda farfela ke haɗuwa da aksil. A juya tayar sau biyu cif, ana ƙirga juyin farfela. Abin da aka samu shi ne lissafin. Idan ta juya sau shida da ɗan ɗoriya, wataƙila haƙora 43 ne a kan 7, wato 6.14. Wasu aksil ɗin an buga adadin haƙoran a ɗan allon ƙarfe da ke jikinsu, amma kada a dogara da allo kaɗai, domin motar da ta shekara arba'in tana yawo ba a san hannu nawa ya buɗe ta ba. Aksil ɗin Rockwell na M35 lissafinsa 6.72 ne, kuma sau biyu yake rage gudu a ciki, don haka ƙirga haƙoran kirawun (babbar giyar cikin aksil) kaɗai ba zai ba da amsa ba, sai an juya taya.

Dalilin wannan wahala shi ne idan aka sa aksil ɗin gaba mai 5.71 alhali na baya 6.14 ne, da zarar an sa ogzilari, wato giyar da ke haɗa jan gaba da na baya, tayoyin gaba za su nemi gudun da na baya ba sa yi. A cikin yashi mai laushi ba za a ji komai ba, tayoyin na zamewa suna sauke rikicin. Da an hau ƙasa mai tauri sai ƙarfen ya fara murɗe kansa, libar ogzilari ta ƙi fita, daga nan ko kuros ɗin farfela ya tsinke ko haƙorin giya ya ɓalle. Mai kaya a kasuwa zai ce maka "Alhaji, duk ɗaya ne, zai shiga." Shiga kam zai shiga. A juya shi a gabansa a ƙirga kafin a biya. Haka ma tayoyi, kada a haɗa sabuwa a gaba da suɗaɗɗiya a baya, ko kamfani biyu masu tsayi daban, illar iri ɗaya ce.

Sauran abubuwan da za a auna a jikin aksil ɗin da za a saya: nisan da ke tsakanin mazaunan sifirin guda biyu, ɓangaren da tulun giyar ya karkata (dole ya dace da inda farfelar gaba ke fitowa), yawan kusoshin wili, gefen da hannun sitiyari yake, da irin birkin, na iska zalla ne ko na iska mai tura mai. Idan mazaunin sifirin bai dace ba ana iya yanke shi a sake zaunar da shi, amma waldar a yi ta kaɗan-kaɗan, gefe da gefe, ana bari yana hucewa. Mai waldar da ya zuba wuta a wuri ɗaya zai lanƙwasa bututun aksil, kuma ba za a gane ba sai sil ya fara yoyo, taya tana cin gefe.

Sau da yawa ma ba sai an canja aksil ɗin ba. Na soja an yi shi da ƙarfi fiye da nauyin da yake ɗauka, gyara yake so. A buɗe, a wanke da gas, a duba boris ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi tabon tsatsa ko launinsa ya koma shuɗi a jefar. Wasan da ke tsakanin haƙorin kirawun da na finiyon (ƙaramar giyar da ke juya shi) yawanci milimita 0.2 zuwa 0.3 ne, a auna da agogon awo, sannan a shafa ɗan fenti a haƙora a juya a ga inda suke taɓa juna. Tsakiyar haƙori ake so. Sil kuwa duka a sa sabo, kuma a duba inda leɓensa ke gogawa, idan ƙarfen ya yi kwari sabon sil ma yoyo zai yi.

Sai maganar numfashi, wadda ita ce ta fi shafar mu a Legas. Kowane aksil yana da ɗan ƙaramin bututun shan iska a samansa. Idan mota ta yi tafiya aksil ya ɗau zafi, sannan ta faɗa ruwa, iskar ciki sai ta tsuke nan take, ta zuƙo ruwa ta wannan bututu ko ta bakin sil. Bayan kwana biyu man giya ya koma kamar kunun gyaɗa, boris ya fara kuka. Maganin bai kai kuɗin taya ɗaya ba: a cire ɗan murfin, a sa tiyo mai jure mai, a ja shi sama har bayan kan mota, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a lanƙwasa bakinsa ya kalli ƙasa, a bar masa rara yadda sifirin zai yi sama da ƙasa bai tsinke shi ba. A yi wa giyabos da ogzilari haka. Man giya GL-5 za a zuba, 80W-90 ko 85W-140 ga mai ɗaukar kaya da nauyi. Duk ranar da ruwa ya rufe cibiyar taya, a kwance noti a duba launin man kafin a sake fita.

Makullin aksil, wanda ke sa tayoyin hagu da dama su juya tare, a baya ake fara sa shi. Wasu motocin sojan sun zo da nasu mai aiki da iska, sai dai ya daskare don rashin amfani, a kwance silindar a wanke a canja robobi kafin a yanke hukuncin ya mutu. Na gaba kuwa sai a miƙaƙƙiyar hanya, a hankali, da an fita daga taɓo a cire. Mota mai kullen gaba ba ta jin sitiyari, kuma idan aka karya kan aka taka wuta, gaɓar shaf ɗin gaba ce ke fashewa. Masu walde ƙananan giyoyin ciki don su huta da sayen makulli, sun sayi cin taya da karyewar shaf a kan kwaltar Apapa.

Yanzu taya. Ta asali 9.00-20 tsayinta kusan mita 1.02 ne, 14.00R20 kuwa ta kai kusan mita 1.25. Bambancin ya haura kashi 20 cikin ɗari. Abin da za ka samu shi ne tulun aksil ya ƙara nisa da ƙasa da kamar santimita 11. Abin da za ka biya: giyar 6.14 za ta koma tana ja kamar 5.0, injin mai doki 130 ya fara nishi a yashi, kulochi ya ƙone, birki ya ragu da kusan wannan kason, shaf da kinfin (ƙarfen da tayar gaba ke karyawa a kansa) su ɗau ƙarin wahala. Ga 911 ni ina ganin 12.00R20 ko abin da ya yi kusa da ita ya wadatar. Sa taya ɗaya-ɗaya a baya maimakon tagwaye yana taimako a taɓo, don tagwaye na cushe laka da dutse a tsakaninsu, amma a duba nauyin da aka rubuta a jikin tayar, kuma wilin ya zama wanda zai sa sawun baya ya bi na gaba. Wili mai zobe ba a ba shi iska sai an ɗaure shi da sarƙa ko an sa shi a keji, zoben nan ya sha kashe masu faci. A M35 kuma notin tayoyin hagu a juye ake kwance su, akwai harafin L a kan kusar, yaran gareji da yawa sun karya su da dogon bututu.

Sitiyari ba a fara shi da famfo. A ɗaga gaban mota, a kama taya sama da ƙasa a girgiza: idan ta yi motsi kuma motsin bai ɓace ba da aka taka birki, kinfin ne ko bushinsa, idan ya ɓace boris ne. Sannan a sauke, wani ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan kana kwance a ƙasa kana kallon kowace gaɓa. Kan tayirod (sandan da ke haɗa tayoyin gaba biyu), dogon sandan da ke zuwa daga akwatin sitiyari, bushin sifirin, kusoshin da suka riƙe akwatin a shasi. Wasan sitiyari a hannu bai kamata ya wuce faɗin yatsu biyu zuwa uku ba. Idan za a ɗaure notin akwatin don rage wasa, sai tayoyi na kallon gaba sosai, domin a tsakiya aka yi shi ya fi matsewa. Wanda ya ɗaure shi a karye zai ji sitiyari na cijewa duk lokacin da ya dawo tsakiya.

In duk wannan ya yi daidai, sai a zo kan pawa. Hanya mafi tsafta ita ce a samo akwatin sitiyari mai pawa, irin na kamfanin ZF, daga mota mai nauyin gaba kwatankwacin taka, tare da famfonsa da tankinsa da hannunsa, duk daga mota ɗaya. Irin waɗannan akwatuna suna aiki ne da matsin da ya kama daga bar (ma'aunin matsi) 100 zuwa 150, da mai lita 12 zuwa 16 a minti, kuma ana rubuta adadin a jikinsu. Famfon ƙaramar mota ba zai iya ba, sitiyarin zai yi laushi a gudu ya sandare daidai lokacin da kake cikin yashi injin na sulo. Shasin da aka yi don sitiyarin hannu bai saba da wannan ƙarfi ba, yana tsagewa a bakin ramukan kusa. A ƙara masa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10, a ɗaure da kusoshi masu lambar ƙarfi 10.9. A huda cikin shasi, ban da leɓensa na sama da na ƙasa, kuma ba a walda a leɓen.

Hannun sitiyari ba a gasa shi a lanƙwasa, ba a yanke shi a haɗa da walda. Wannan ya fi faruwa a motocin Ingila masu sitiyari a dama da ake juyawa hagu, tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. In ka ga ɗinkin walda a hannun sitiyari ko a tayirod, a canja shi kawai. Dogon sandan kuma ya kwanta kusan a miƙe idan mota na ɗauke da kaya. Idan ya yi gangare sosai, duk ramin da taya ta faɗa sai motar ta karkata da kanta. Shi ya sa ɗaga gaba da tubalin ƙarfe a ƙarƙashin sifirin ba dabara ba ce. Kwanciyar kinfin zuwa baya, digiri 2 zuwa 4, ita ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, idan ta ɓace a gyara da weji na ƙarfe, ban da na alminiyam. Gaban tayoyin ya ɗan tsuke fiye da bayansu da milimita 1 zuwa 3.

Akwai masu ɗauko sitiyarin fokilif ko na tarakta, mai aiki da mai zalla babu sandan ƙarfe tsakanin hannunka da taya. A cikin fili yana da daɗi. A kan gadar Third Mainland tiyo ɗaya ya fashe, shi ke nan babu sitiyari. Wanda yake son ƙarin ƙarfi ya sa silindar taimako a jikin tayirod ya bar sandan yadda yake, kuma tsawon tafiyar silindar ya yi daidai da na tayirod, in ya wuce zai karya hannun.

Bayan haɗawa a zuba man ATF, wato man giyar atomatik, gaba na kan jak, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa injin a kashe, sannan a tayar a maimaita har kumfa ta ƙare. A daidaita kusoshin tsayawa na jikin aksil yadda taya ba za ta goge sifirin ko tiyon birki ba, bawul ɗin cikin akwatin kuma ya saki matsi saura milimita 2 zuwa 3 a kai kusar. Idan bai saki ba famfo zai riƙa ihu, mai ya tafasa. Tiyon matsi a kai a matse shi da inji, kilif na sukurudireba na tiyon dawowa ne kawai.

Kusoshin da ke rungume sifirin da aksil sababbi ake sawa, a sake ɗaure su tare da notin taya bayan kilomita 100 na farko. Gwajin farko a yi shi babu kaya, a fili, a taka birki da ƙarfi a ga ko tana ja gefe. Kafin ta hau titi kuma a sake mata fenti, doka ta hana farar hula yawo da mota mai launin koren soja, takardun gwanjon kuma su zauna a cikin motar.