Marsandin da ke ƙarƙashin tamfol

Asabar, bayan sallar isha'i.

Har yanzu hannuna na warin tsohon fetur, na wanke sau biyu bai fita ba. Bari in rubuta abin da ya faru yau tun yana da ɗumi a raina.

Ƙarfe 8 na safe na ɗauki bakanikena a bakin garejinsa, don mu je duba tsohuwar Marsandin wani marigayi Alhaji a nan Sakkwato, wadda nake son saya. Hazo ya rufe gari, sai da na kunna fitila a titin Ahmadu Bello. Gidan marigayin yana cikin tsohon gari, ba nisa da fada, irin gidajen nan masu zaure bayan zaure. Dillalin ya riga mu isa, yana tsaye a ƙofa yana murza hannu saboda sanyi.

Motar nan na san ta tun ina firamare. Ran Sallah, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, mukan tsaya bakin hanya muna kallon manya suna wucewa, sai ga wannan 'yar gajeruwar Marsandi mai ƙofa biyu, ruwan madara, ba rufi a kanta, Alhaji na ciki da rawaninsa. Duk garin Fijo ce da Bitil da manyan Marsandi masu ƙofa huɗu, ita kaɗai ce daban. Na fi shekara 30 ban sake ganinta ba, har na ɗauka ta daɗe da zama kayan 'yan gwangwan. Sai makon jiya aka ce mini za a raba gadon Alhaji, kuma motar tana nan.

Tsohon direbansa ne ya buɗe mana ɗakin. Dattijo ne, ya haura 70, ya riƙe mabuɗin kamar wanda za a raba shi da ɗansa. Da aka yaye tamfol ƙura ta tashi, muka ja baya muna tari. Ga ta nan. 280 SL ce, ƙirar 1981, daga jerin da kamfanin ya yi daga 1971 zuwa 1989. Baba ya ce Alhaji ya shigo da ita daga Jamus lokacin Shagari, kafin tsuke bakin aljihun 1982, zamanin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja.

Dillali ya ja ni zuwa tagar direba, ya goge gilashin agogon da hannun riga. Kilomita 41,300. "Alhaji, ka gani da idonka. Ko shekara 3 ba ta yi aiki ba." Gabana ya faɗi don murna, ba zan ɓoye ba. Na yi lissafi a zuci: bai kai kilomita 1,000 a shekara ba, kwatankwacin zuwa Kaduna da dawowa sau ɗaya.

Bakanike bai ko leƙa ba. Ya ce, "Yallaɓai, wagga lamba da'awa ce. Ko gaban alƙali ba a karɓar da'awa sai da shaidu." Ya bayyana mini abin da ban sani ba: a cikin agogon tsofaffin Marsandi akwai wata 'yar giya ta roba mai haƙora, ita ke juya lambobin. In ta tsufa sai ta tsage, allurar gudu ta ci gaba da aiki, lambobin kuwa su tsaya cak. Mai mota na iya yin shekara 10 yana yawo lamba ba ta motsa ba, kuma ba da niyyar cutar kowa ba. Ban da masu mayar da agogo baya da gangan, waɗanda duk mai sayen 'yar Kwatano ya san labarinsu.

Sai muka shiga neman shaidu, kuma nan ne na fi jin daɗin yinin. Ya durƙusa ya haska robar birki da ta totur da fitilar wayarsa. Zanen da ke kansu yana nan, gefen dama na birkin ne kawai ya ɗan yi santsi, kuma robar ta bushe irin ta tsufa, ba sabuwa aka sa don rufe ido ba. Ya shafa sitiyari, bai yi ƙyallin da tafin hannu ke bari ba. Ya buɗe ƙofar direba ya ɗaga ta sama ya ji ko ta saki, ba ta motsa ba. Na nuna masa kujeru, ko tsaga babu, sai ya girgiza kai. Ya ce wannan shimfiɗar ba fata ba ce, ita ce ake kira MB-Tex, tana iya yin kilomita dubu ɗari biyu ba ta nuna gajiya ba, don haka shaidarta ba ta da ƙarfi. Ya danna katifar kujerar da gwiwa, ita ce ya yarda da ita, ba ta lotsa ba.

Tayoyin ma sun yi magana. A gefen kowace taya akwai lambar da ke nuna lokacin da aka yi ta: daga shekarar 2000 lambobi huɗu ne, mako da shekara, kafin nan kuwa uku ne. Na motar nan duka uku-uku ne. Ke nan tayoyin sun haura shekara 25, amma zanensu bai ci ko rabi ba. Duk gefensu ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Safayar da ke cikin but kuwa ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba.

Muna cikin haka Baba ya fita, ya dawo da wata leda. A ciki akwai littafin sabis mai hatimai, na ƙarshe a kilomita 35,000 da 'yan kai, sai kuma wani littafin makaranta mai bango shuɗi da ya koɗe. Nasa ne. Duk fitar da motar ta yi ya rubuta da ajami: rana, inda aka je, lambar agogo. Wurno, Gwandu, Argungu lokacin bikin kamun kifi, Illela sau biyu. Ya ce, "Ɗana, wagga mota ba ta taɓa kwana waje ba, ko sau guda. Sallah da ɗaurin aure kaɗai muka hita da ita. Da ƙahwahun Alhaji sunka yi nauyi, sai ya ce a ruhe ta." Ya karanta mana layin ƙarshe, lambar ta yi daidai da ta agogo, saura kilomita 12. Ya ce waɗannan na kai ta wanki ne da dawowa.

Ni a nan zuciyata ta natsu. Hatimi ana iya sassaƙa shi a kasuwa, amma wa zai zauna ya ƙirƙiri rubutun shekara 20 da biro kala-kala?

Lambar shasi ta fara da 107042, wadda ita ce ta 280 SL, kuma ta yi daidai da ta takardun kwastam. Bakanike ya bi ƙofofi da gefuna da ɗan maganaɗisu, ko'ina ya kama, babu inda aka yi ciko aka rufe da fenti. Sannan ya kwance murfin da ke ƙasan gilashin gaba, wurin fankar iska. Ya ce nan ne ciwon irin wannan mota yake, ruwa na taruwa ya ci ƙarfen ta ciki, a Turai har gishirin da suke zuba wa titi lokacin ƙanƙara na ƙara cinye su. Namu ƙura ce kawai da gidan zanzaro guda biyu. Bushewar Sakkwato ta yi mata rana.

To amma abin da bushewa ta bai wa ƙarfe, ta ƙwace daga roba. Ya matsa tiyon lagireto, ya fashe a hannunsa kamar ƙuli-ƙuli. Ya buɗe tankin mai, wari ya bugo mu, ba na fetur ba, irin na tsohon fenti. Dillali ya ce a kawo batir a tayar da ita mu ji ƙararta. Bakanike ya ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba: "Kul! Wanda duk ya murza makullin nan ya kashe ta." Injin silinda shida ne, lita 2.8, kuma ba kafireto gare shi ba, tsarin feshin mai ne na Bosch da ake kira K-Jetronic. Akwai wani kan rabon mai da ƙofofinsa suka fi tsinin allura ƙanƙanta. In wannan ruɓaɓɓen mai ya shiga ciki, an gama, kuma ba kowane gareji ne zai iya taɓa shi ba, yaran yanzu kwamfuta suka sani. Sai ya cire fulogai shidan, ya ɗiga baƙin mai a kowane rami, muka jira kusan rabin awa. Ya sa sifana a ƙasan injin ya danna a hankali. Ya juya. Baba ya ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi, ni ma na ce.

Sauran lissafin ba daɗi. Birki ya kama ta ƙafa biyu. Ɓera ya ci wayoyi a bayan fitilar hagu. Muka ɗaga rufin ƙarfen mu biyu, muka zaro na yadin da ke naɗe a ƙasa, ya ƙanƙance, tagar robarsa ta zama ruwan goro ta tsage. Iyakwandishan ɗin na tsohon gas ne, R12, wanda aka daina, sai an juya shi zuwa R134a, kuma wanda zai hau mota a watan Afrilu a garin nan ya san ba ado ba ne. Bakanike ya zauna kan bulo ya rubuta komai a bayan kwalin sigari da ya tsinta, ya ce in ware miliyan 5 zuwa 6, in kuma sa rai wasu kayan sai an yo odarsu daga Legas ko Jamus.

Muka yi azahar a masallacin ƙofar gida. Aka kawo fura da nono.

A hanyar dawowa daga masallaci dillali ya raɗa mini cewa in taya miliyan 6, wai magadan ba su san abin da suke da shi ba, a wurinsu tsohon ƙarfe ne da ya tare ɗaki. Raina ya ɓaci. A cikin magadan akwai yara biyu na amaryar Alhaji da ba su gama sakandare ba. Na ce masa ba zan hau motar da na saya da rabon maraya ba. Bai sake magana ba.

Ashe ma ba haka abin yake ba. Da muka zauna a zaure, da babban ɗan marigayi da ƙaninsa da malamin da ke kula da rabon, ƙanin ya zaro waya ya nuna mini tallan irinta a Jamus da Ingila, ya juya kuɗin zuwa naira, ya ce miliyan 45. Na ce masa, "Ƙanena, ban ƙaryata abin da ka gani ba." Na roƙe shi ya duba abu uku. Kuɗin da ke kan talla abin da mai kaya ke nema ne, ba abin da aka biya ba. Waɗancan motocin suna tafiya da ƙafarsu, wannan kuwa sai an ɗauke ta. Sannan ba ta da wuyar samu kamar yadda yake zato, an ƙera motocin jerinta sama da 237,000, abin da ya bambanta tasu shi ne ƙarancin tafiya da rashin tsatsa da littafin Baba. In kuma suna son farashin Turai, sai su lissafa kuɗin kai ta tashar jirgin ruwa, da na jirgi, da harajin can, da wanda zai tsaya musu. Na miƙa musu kwalin bakanike, har da abin da ya same ta mai kyau, ban rage komai ba.

Na taya 14. Babban ya ce albarka. Na ƙara zuwa 16, ya ce albarka. Suka fita su biyu suka shiga wajen Hajiya, suka daɗe. Malam ya tambaye ni, "Kai in an bar ka da Allah, nawa kake ganin ta kai?" Na ce, "Allah gafarta Malam, in agogon nan gaskiya ne, ta kai 19. In ba gaskiya ba ne, ba ta wuce 12 ba." Ya ce to a gina cinikin a kan haka, sharaɗi halal ne muddin an ambaci wa'adinsa.

Haka aka yi. Miliyan 19, na ba da kafin alƙalami miliyan 2 nan take ta waya. An ba mu kwana 14 bakanike ya wanke tanki, ya sauya tiyo da mai da birki, a sa mata tayoyin aro, mu fita da ita titin Birnin Kebbi gaban shaidu. In lambobin agogo suka juya, in cika kuɗi. In suka tsaya, a sake zama. Malam ya rubuta, duk magadan da suka balaga suka sa hannu, Hajiya ta dangwala a madadin yaran. Babban ya miƙo mini hannu ya ce, "Mun sallama, Allah shi sa albarka." La'adar dillali muka raba biyu.

Filina na Bado zai tafi ke nan. Na gaya wa uwargida bayan magariba, ta yi shiru, sannan ta ce, "Abban yara, mutum biyu kawai take ɗauka?" Na ce e. Ta ce to kujerar gefen tata ce, ran da aka fara fita da ita. Na ji nauyin maganar filin ya ragu a ƙirjina, ko da yake na san za mu sake tattauna shi.

Da za mu bar gidan, Baba ya biyo ni har bakin mota da ledar nan. Na ce ya riƙe har a gama ciniki. Ya ce a'a, littafin na motar ne, inda ta tafi can zai bi ta. Sai ya ɗan yi jim ya ce, "Ran da za ku gwada ta, ka bari ni in tuƙa ta daga nan zuwa bakin titi." Na ce, "Baba, har Bodinga za ka kai mu."

Litinin ƙarfe 7 motar ɗaukar mota za ta zo. Dole in tuna in gaya wa bakanike ya zo da jek biyu, don ƙafafun baya ba za su juya ba, kuma ƙofar ɗakin ƙunci gare ta.